Garin Dutse a Cikin Roba: Gwaninta ce ko Algus?

Duk wanda ya yi aiki a masana'antar roba, irin waɗanda ke Sharada da Bompai a Kano, ya san fararen ƙwayoyin nan da muke kira fila. Garin dutse ne, kalsiyam kabonet, da aka niƙa luƙui aka cura da ɗan polietilin, kuma galibi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙwayar dutse ne zalla. Muna zuba su cikin ɗanyar roba kafin inji ya hura leda ko ya fitar da jarka. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne: wannan gwaninta ce ko algus?

Ba kowane gauraye ne ha'inci ba. Garin dutse yana ƙara wa kaya tauri, yana sa su huce da wuri, leda kuma ta karɓi rubutu. Ledar bayan ƙunzugun jarirai na zamani kusan rabinta dutse ne. Idan aka ja ta sai ƙananan ƙofofi su buɗe, gumi ya fita, fitsari kuwa ya tsaya. Wannan ilimi ne da Allah Ya hore wa ɗan Adam.

Sai dai dutse ya fi roba arha, ya kuma ninka ta nauyi kusan sau uku. Robar polietilin zalla tasowa take yi a kan ruwa, wadda aka dankara wa dutse sai ta nutse. Ita kuwa leda da kilo ake sayar wa dillalai. Idan aka wuce ƙima, dillali ya biya kuɗin roba ya kwashi dutse, ƙidayar ledarsa ta ragu, mai shago ya zuba mudun gari ta yage a hannun yaro.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne. Abin da aka tuhume shi a kai shi ne bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba, inda masu saye za su gani. Ashe ɓoyewar ce ta mai da shi algus.

Don haka ma'aunina ɗaya ne. Idan za ka iya faɗa wa mai saye yawan filar da ka zuba, ka rage masa farashi gwargwado, cinikinka halal ne. Idan kuwa ribarka ta dogara ga rashin saninsa, ka ji tsoron Allah, haƙƙin mutane kake ci.