Kifin Haɗejiya Ya Ragu: Laifin Wa?



Duk mai harkar banda a cikinmu ya san kayan da ke zuwa mana nan Kudu daga Nguru da Gashuwa ba kamar na da ba ne. Manyan tarwaɗa da bargi sun yi wuya, kwali ya cika da 'yan ƙanana. Ruwa ba ya tsami banza.

Kifin fadamar Haɗejiya da ambaliya yake rayuwa. In kogi ya cika ya malala cikin fadama da damina, nan kifi ke ƙwai, 'ya'yansa su yi girma cikin ciyawa. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, sai ambaliyar ta ragu. Ruwan da ake saki rani da damina kuwa ya ba kachalla dama ta toshe hanyoyin ruwa. Da kamu ya ragu, wasu masunta suka koma ga raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, suna kwashe abin da bai isa haihuwa ba.

To, laifin wa? Wanda ya gina dam zai ce Kano na buƙatar ruwan sha da noman rani, kuma gaskiyarsa: tumatirin Kadawa da wasunmu ke sayarwa da wannan ruwan aka noma shi. Masunci zai ce yara na jiran tuwo. Mu kuma mu ce abin da aka kawo muka saya. Kowa da hujjarsa, amma kogi sai ƙara talaucewa yake.

Ɓarnar da ke zuwa sannu a hankali ta fi wuyar ganewa, don kowane yaro yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin yadda duniya take. Amma raba laifi ga mutum dubu ba ya shafe shi. Kowa da kasonsa, kuma a kan kasonsa za a tambaye shi. Addinin da ya hana mu ɓarnar ruwa wajen alwala ko a bakin kogi muke, ba zai yarda mu cinye rabon jikokinmu ba.

Dam ba a hannunmu yake ba, amma kuɗin saye a hannunmu suke. Abin da ɗan kasuwa ya ƙi saya, masunci ba zai daɗe yana kamawa ba. Ƙungiyoyinmu na 'yan kifi za su iya haɗa baki su daina karɓar 'yan ƙanana, su kuma sanar da dillalai da sarakunan ruwa a gida. Riba za ta ɗan ragu bana, wannan ba shakka. Amma arziƙin ruwa amana ce, mun tarar da shi ne, ba mu muka halitta ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Juma'a mai albarka.