Rijiyar Ruma Da Ƙishirwar Sabon Gari



Lokacin da Musulmi suka yi hijira zuwa Madina sun tarar da ruwan daɗi ya yi ƙaranci, mai rijiyar Ruma kuwa sayar da ruwanta yake yi. Sai Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ya saye ta, ya mai da ita wakafi, mai kuɗi da matalauci kowa ya ɗiba. Abin lura shi ne, bayan shekaru sama da 1,400 wannan wakafi bai mutu ba, domin hukumomi sun riƙa karɓar amanarsa hannu da hannu, har zuwa hukumar Saudiyya da ke kula da gonar dabinon da ke wurin.

To, a dubi Samaru, da Hayin Dogo, da Muciya. Masu hali da ƙungiyoyin taimako sun haƙa rijiyoyin burtsatse fi sabilillahi, Allah ya saka musu. Amma sau da yawa da zarar an yi addu'ar buɗewa an watse, shi ke nan. Ran da famfo ya lalace ba wanda ya san alhakin gyara a kan wa yake, sai mata da yara su koma wajen 'yan ga-ruwa, allon sunan mai kyautar yana nan manne a jikin tankin da ya bushe. Malamai kuwa sun bayyana cewa ladan sadaka mai gudana yana tafiya ne muddin ana amfana da ita.

Gwamnati ma ba ta iya ɗaukar nauyin ita kaɗai. Matatar ruwa ta Shika mai lita miliyan 150 a kullum, wadda aka buɗe a 2017, tana cikin babban aikin ruwan Zariya da sai da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka suka sa hannu.

Saboda haka ya kamata duk ƙungiyar da ta yi niyyar haƙa rijiya ta fara zama da Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da mai unguwa, a nuna mata inda bututun gwamnati bai kai ba, kada a jera rijiyoyi uku a layin da mai kuɗi yake. A rubuta wakafin da shaidu, a ware masa abin gyara, ko da hayar shago ɗaya ce. Hukuma kuma ta ba da fili da makaniki, ta bar kuɗin a hannun amintattun unguwa, su riƙa karanta lissafinsa a masallaci bayan sallar Juma'a.