Don Me Motar Ta Ƙi Tashi?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa shiga mota da asuba, an ɗaure kaya, kowa ya zauna, direba ya murɗa makulli, sai ka ji ƙas, daga nan shiru? Wataƙila a ranar nan albasa ce za ka kai kasuwa. Wataƙila kuwa ɗanka ne kwance bisa cinyar uwarsa da zazzaɓi, kuna so ku isa asibitin Galmi kafin rana ta yi zafi. Mota ga ta, hanya ga ta, amma ba tafiya.

Direban da bai san aikinsa ba sai ya yi ta murɗa makulli, yana zagin motar. Gwanin makaniki kuwa ba ya gaggawa. Yakan kasa kunne tukuna, gama kukan mota yana faɗin ciwonta.

In injin yana juyawa amma bai kama ba, sai ya duba abu 2: mai da wuta. Ko esansi ya ƙare? Ko ƙurar hunturu ta toshe matatar mai? Sa'an nan ya kwance buji ya gani ko yana ba da tartsatsi. In kuwa injin bai juya ba ko kaɗan, sai ya kunna fitilun gaba, ya sa a murɗa makulli. In fitilu suka dushe ko suka mutu, ya san wuta ba ta isowa. Daga nan sai ya buɗe gaban mota ya nufi batir.

Sau da yawa batirin lafiyarsa lau, yana cike da wutarsa ta bolt 12. Abin da ya faru shi ne, wani farin gari ya taru a kan batir, daidai inda waya take kamawa. Bai kai cikin cokali ba, amma ya tsai da motar da take ɗaukar buhu 10. Makaniki yakan fara kwance wayar da ke haɗe da jikin mota, sa'an nan ɗayar. Ya wanke garin da ruwan kanwa, yana lura kada ya zuba cikin batir, ya goge har ƙarfe ya yi haske, ya mai da wayoyin ya ɗaure tam. A murɗa makulli, sai mota ta tashi.

To, ɗan'uwa, bari in tambaye ka. Yaya gidanka? Dā kukan taru da dare, ka buɗe Littafi Mai Tsarki, yara su yi waƙa. Yanzu fa? Kana zuwa sujada ran Lahadi, amma addu'arka kamar ba ta wuce rufin ɗaki. Har ka fara cewa a ranka, Allah ya manta da ni.

Allah bai manta da kai ba, ikonsa kuma bai ragu ba. Buɗe Ishaya 59, ka karanta aya 1 da 2. Annabin ya nuna wa mutanen Isra'ila cewa kāsawar ba daga wajen Ubangiji take ba, laifofinsu ne suka shiga tsakaninsu da shi. Wannan shi ne farin garin nan. Ba ya taruwa rana ɗaya. Mudun hatsi da ka ara ba ka mayar ba. Iyakar gona da ka matsar da damina. Baƙar magana da ka faɗa wa matarka gaban ƴaƴanta, girman kai ya hana ka neman gafara. Layar da ka ɓoye a hannun yaro don tsoro. Ka ce ƙanana ne, amma su ne suka tare hanya.

Akwai wata dabara da dukanmu muka sani, wato turi. Fasinja su sauka, direba ya sa giya ta 2, a tura, motar ta kama. Amma ciwon yana nan. Da an tsaya gari na gaba, sai a sāke turi. Wata rana za ta mutu cikin yashi, inda ba mai iya turawa. Haka waɗansunmu suke: fasto ya tura, taron shekara ya tura, matar gida ta tura da addu'arta. Bangaskiyar wani ba za ta kai ka gida ba.

Mota ba ta iya wanke kanta, kai ma haka. Saboda wannan ne Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, ya kuma tashi a rana ta 3. A wasiƙar Yahaya ta fari, sura 1 aya 9, an yi mana alkawarin gafara da tsarkakewa in mun faɗi laifinmu ba ɓoye-ɓoye. Saboda haka kada ka jinkirta. Ka ambaci laifin da sunansa a gaban Allah. Ka mai da abin da ka riƙe. Ka je wurin wanda ka ɓata wa rai, ko da ƙaninka ne. Daren yau ka tara iyalinka, ka yi addu'a haka:

Ya Ubangiji Yesu, na gane ba ikonka ne ya gaza ba, zunubina ne ya raba ni da kai. Ka wanke ni, ka haɗa ni da kai, ka bi da ni da gidana har ƙarshen tafiya. Amin.

In kana da tambaya, ka nemi fasto ko mai bishara na ƙauyenku. In ka gama karanta wannan takarda, ka miƙa ta ga maƙwabcinka.