Idan Muka Miƙa Jariri Ga Ubangiji, Me Muka Bayar?

Wata Lahadi cikin damina aka gayyace ni miƙa jikan yayata a wata majami'ar 'yan Fentikos da ke Kado, a Abuja, ba nisa da kasuwar kifi. Iyayen yaron a ikkilisiyarmu ta Hausa suka tashi, aiki ne ya kai su babban birni, kamar dubban 'ya'yanmu daga Kudancin Kaduna, Filato, Gombe da Adamawa waɗanda suke ta kwarara can tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Da lokaci ya yi, ganguna suka ɗauka, dangi da abokai suka taso daga bayan majami'a suna rawa, uwa a gaba da jariri cikin farin mayafi. Fasto ya karɓe shi, ya ɗaga shi sama, ya shafa masa mai a goshi, sa'an nan ya shiga furta albarka: yaron nan ba zai san talauci ba, asibiti ba zai gan shi ba, zai ci abinci da manyan ƙasa. Jama'a suna amsawa da amin mai girgiza rufi. Ni ma na amsa, gama wa zai ƙi wa jikansa alheri?

A hanyar komawa, yayata, wadda ta haura shekara 30 a zumuntar mata, ta yi shiru har muka wuce tafkin Jabi. Sai ta ce mini, "Kai da ka yi karatu, gaya mini. An faɗa wa Allah duk abin da zai yi wa yaron nan, amma ban ji an tambayi uwarsa da ubansa abin da su za su yi ba." Tun daga ranar maganar nan ba ta bar ni ba.

Kafin mu amsa mata, ya kamata mu ba 'yan'uwanmu na Fentikos haƙƙinsu. Murnarsu tana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara biyar ba. Matar da ta sauka lafiya, ta rungumi ɗanta da rai, in ta yi rawa har gaban bagadi ba ta yi laifi ba. Mu da wani lokaci mukan gama miƙa yaro cikin minti biyu tsakanin sanarwa da baiko, muna da abin koyo a nan. Ba kuma gardamar baftisma nake so in tayar ba. Katolika, Angilikan da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma. ECWA, Baptist, EYN da yawancin 'yan Fentikos suna miƙa su, su jira yaro ya girma ya shaida bangaskiya da bakinsa. Tambayar yayata ta shafi kowa: wanda ya ce ya miƙa, me ya fita daga hannunsa?

A Hausa, in ka miƙa wa mutum abu, ka sake shi ke nan. Dubi Hannatu a sura ta farko ta littafin Sama'ila na fari. Ta yi shekaru tana kukan rashin haihuwa, da ta samu ɗa ta yaye shi, sai ta kai shi Shilo ta bar shi wurin Eli firist, ta koma gida hannu wofi. Abin da ya rage mata shi ne 'yar rigar da take ɗinka masa kowace shekara. Ba ta tsara wa Allah matsayin da ɗanta zai riƙe ba. Saƙon farko da Ubangiji ya ba yaron nan kuwa na hukunci ne a kan gidan mutumin da ya rene shi.

Dubi kuma Maryamu da Yusufu a Luka sura 2. Bayan kwana 40 suka kai Yesu Haikali da tsuntsaye biyu, hadayar da Littafin Firistoci ya yarda wa wadda ba ta da halin ɗan rago. Tsoho Saminu ya ɗauki jaririn, ya yabi Allah, ya sa musu albarka, amma a cikin albarkar ya faɗa wa uwar cewa za a yi gāba da ɗanta, ita ma za ta sha baƙin ciki mai tsanani. Babu jaririn da ya taɓa samun albarka kamar wannan, duk da haka a cikinta akwai gicciye.

To, in annabcin da ake yi wa 'ya'yanmu kullum daidai yake da burin zuciyarmu, wato kuɗi, muƙami da fita waje, sai mu tambayi kanmu ko kyauta muka kawo ko ciniki. Roƙon alheri daidai ne, Ubanmu yana so mu roƙa. Haɗarin yana wurin mai da roƙo ya zama alkawarin da Allah bai yi ba. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ciwon sikila. Ka yi tunanin uwar da aka shaida mata a gaban jama'a cewa asibiti ba zai ga ɗanta ba, bayan wata takwas likita ya ce sikila ce. Ko dai ta ɓoye ciwon don kunya, ko ta yi jinkirin neman magani, ko ta fara neman wanda ya ɓata annabcin, sau da yawa kuma zargin yakan faɗa kan kaka da ke ƙauye. Gidaje sun rabu a kan irin wannan.

Akwai kuma ranar da yaron zai girma ya ce Ubangiji yana kiransa koyarwa a ƙauye ko aikin bishara inda babu albashin kirki. A ranar ce za a san ko da gaske muka miƙa. A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasashen nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Mahaifiyar Gowans, wadda ita ce ta zuga Bingham ya shiga tafiyar, ba ta janye ba bayan mutuwar ɗanta, ta ci gaba da goyon bayan aikin. Daga wannan aiki SIM ta kafu, daga SIM kuma ECWA ta fito a 1954. Da yawa cikin masu karanta wannan mujalla 'ya'yan wannan miƙawa ne.

Kada kuma mu ɗauki man da aka shafa a goshi kamar laya. Sama'ila da kansa, wanda aka miƙa tun yana ƙarami, 'ya'yansa Yowel da Abiya sun zama masu karɓar rashawa. Addu'ar rana ɗaya ba ta ɗauke wa iyaye aikin shekara ashirin, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga ubansa yana buɗe Littafi Mai Tsarki da safe, ya ga uwarsa ta mayar da canjin da aka ba ta bisa kuskure a kasuwa, shi ne ake miƙawa kowace rana.

Saboda haka, ya ku shugabannin ikkilisiya, ko da ganga kuke miƙa yara ko da littafin waƙoƙi, ku tsayar da iyaye ku tambaye su a fili: za ku rene shi cikin tsoron Allah? Za ku sake shi in Ubangiji ya bi da shi hanyar da ba ku zaɓa ba? Ku tambayi jama'a su ma, gama ɗa na kowa ne: za ku tsaya da gidan nan ranar ciwo da ranar kuɗin makaranta? Kada kuma talaka ya riƙe jaririnsa a gida har shekara don ba shi da kuɗin anko da shinkafar baƙi. Allah ya karɓi tsuntsaye biyu daga hannun Maryamu.

Jikan yayata yanzu yana rarrafe. Duk sa'ad da ta ɗauke shi, addu'arta guda ce: Allah ya sa ya san Mai Cetonsa, ya kuma ba iyayensa zuciyar riƙon amana. Ubangiji ya ba dukanmu wannan zuciya. Amin.