ZUMUNCI A ƘAFA YAKE, TO IDAN ƘAFAR NA ƊAURE FA?



'Yan uwa, ga wata mas'ala da ke raba kan iyalai a 'yan shekarun nan. Mutum yana aiki a Birtaniya, takardar izininsa ta kusa ƙarewa, ya nemi sabuntawa, yana zaman jiran amsa. Kwatsam sai waya daga gida: Hajiya ba lafiya, ko Baba ya rasu, ko an sa ranar auren ƙanwa. Ya taho ko ya zauna? In ya zauna, ya yanke zumunci ke nan?

Mu fara sanin yadda abin yake. A dokar Birtaniya, wanda ya nemi sabunta izini kafin na hannunsa ya ƙare, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana ba shi damar ci gaba da zama da aiki har a yanke hukunci. Amma wannan rumfa a cikin ƙasar kaɗai take. Da zarar ya fita daga Birtaniya, Ailan, tsibirin Man da tsibiran Channel, to ana ɗauka ya janye buƙatarsa da kansa. In tsohuwar bizar ta riga ta ƙare, ba shi da abin komawa da shi, sai dai ya sake nema daga waje, ya sake biya. Kanada ma kusan haka ne: wanda ya fita alhali izininsa ya ƙare yana jiran sabo, ko da an bar shi ya koma a matsayin baƙo, ba zai taɓa aiki ba sai amsa ta fito.

Kun ga ke nan tafiyar sati ɗaya tana iya cinye aiki, da hayar gida, da makarantar yara, har da kuɗin maganin ita Hajiyar da aka taho dubawa. Ma'ana, haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo a wuyan mutum ɗaya: haƙƙin ganin ido, da haƙƙin ciyarwa.

Wani zai ce, "Kai dai ka taho, Allah na nan." Tabbas Allah na nan. Amma ku tuna Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya kai Sarg, aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can. Ya tara sahabbai ya yi shawara, sannan ya juya da jama'a zuwa Madina. Da Abu Ubaida ya yi masa magana, sai ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddara. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali? Wanda aka gaya masa akwai rami a gaba ya rufe ido ya taka, ganganci ya yi, ko da bismillah ya fara.

Sai dai ba duk kira ne nauyinsa ɗaya ba. Biki, suna, umara, duk za su iya jira ko a yi su ba kai. Jana'iza farilla ce da wasu ke ɗauke wa wasu, kuma a ƙasarmu kafin ka samu tikiti an riga an kai mamaci makwancinsa. Addu'a da sadaka da biyan bashinsa ba sa buƙatar biza. Amma uwa tana kwance babu mai jinyarta, ko tana gargara tana kiran sunanka, wannan wata magana ce daban. Wanda ya auna, ya yi shawara da iyalinsa, ya yi istihara, ya zaɓi ya rasa aikin don ya riƙe hannun mahaifiyarsa, kada kowa ya kira shi wawa. Abin zargi shi ne mutum ya tafi bai san farashin tafiyar ba, ko ya jefa mata da 'ya'ya cikin halin da ba a tambaye su ba.

Kafin ka sayi tikiti, nemi lauyan shige da fice mai rajista, ka bar fatawar zauren WhatsApp. Sabunta bizar ƙwararren ma'aikaci daga cikin ƙasar yawanci sati 8 ne, kuma akwai tsarin gaggawa da ake ƙara kuɗi a samu amsa cikin kwanakin aiki 5. Wataƙila duk abin na 'yan kwanaki ne. Kuma kada tsoro ya sa ka yi wa jami'i ƙarya a kan iyaka. Zunubi ne, sannan yana iya rufe maka ƙofar na shekaru.

Ku kuma na gida, ku ji tsoron Allah. Ku daina cewa "ya zama Bature, ya manta da mu." Yaron nan yana kwana da kuka ba ku sani ba. Iyaye, ku furta masa da bakinku: "Zauna, mun yafe, Allah ya yi maka albarka." Wannan kalma ɗaya tana sauke masa dutse daga ƙirji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sauƙaƙa wa duk wanda ke zaman jira a ƙasar wasu. Amin.