Gubar da Ke Cikin Tsohuwar Rediyo: Alhakin Wa?

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwarmu da la'asar ya san baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro. Yaranmu ne 'yan jari bola ke ƙona wayoyin lantarki don robar ta narke, su fitar da jan ƙarfe su kai sikeli. A gefe kuma ga tsofaffin rediyo da talabijin da kwamfuta ana farfasawa da guduma. Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce: in yaron nan ya kwanta ciwo nan da shekara goma, alhakinsa a wuyan wa? Wanda ya ƙera kayan a wata ƙasa mai nisa, ko dilan da ke sayen ƙarfen, ko shi yaron da ya kunna wutar?

Turawa sun ba da tasu amsar. A 2003 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ake kira RoHS, ta fara aiki a watan Yulin 2006. Ta taƙaita abubuwa shida a cikin kayan lantarki: dalma, zaiba, kadmiyom, wani nau'in kromiyom, da sinadarai biyu da ake gauraya wa roba don kada ta kama wuta. Kowanne kada ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na nauyin abin da aka sa shi a ciki, kadmiyom kuwa ɗaya cikin dubu goma, sai wasu 'yan wurare da aka yi wa rangwame. A 2015 aka ƙara wasu huɗu masu sa roba laushi, suka zama goma.

Ni dai ina ganin hujjarsu ta tsaya. Alhaki yana bin sani da iko. Injiniyan da ya zaɓi a liƙe wayoyin rediyo da dalma ya san abin da ya zuba, kuma yana da ikon sauyawa. Yaron da rediyon zai mutu a hannunsa bai sani ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Kaya suna bi hannu-hannu, daga mai kuɗi zuwa mai sayen gwanjo a Alaba, zuwa mai gyara, zuwa bola, kuma kullum hannun ƙarshe shi ne mafi talauci. Nisan wuri da tsawon lokaci ba sa wanke wanda ya sa gubar tun farko.

Kada mu raina dalma fa. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. Can daga ma'adini ta fito, nan daga rediyo, amma gubar ɗaya ce. Ba ta da wari, ba ta sa ihu nan take, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro.

Masu gyaran waya za su ce sabon abin liƙin da ba shi da dalma ya fi tsada, ya fi wuyar narkewa. Gaskiya ne: na da yana narkewa a zafin digiri 183, sabon sai wajen 217. To amma ai arhar na da ba kyauta ba ce. Wani ne ke biyan cikon da jininsa, sai dai ba ya cikin cinikin.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar Turai ba ta shafi tulin tsofaffin kayan da aka ƙera kafin 2006 ba, waɗanda har yau muke farfasawa. Kuma ko sabuwar waya ce, in ka ƙona robarta guba za ta fitar. A nan ma'aunin da muka auna Bature da shi ya dawo kanmu. Tsakanin dila da yaronsa, wa ya fi sani, wa ya fi iko? Maigidan da ke zaune a inuwa yana karɓar ƙonannen ƙarfe, ya san yadda aka samo shi, ba zai ce ba ruwansa ba.

Ba cewa nake a bar sana'a ba, da ita ake ciyar da gidaje nan da can Arewa. Amma ana iya fere waya da wuƙa ko ƙaramin inji maimakon wuta. A daina ƙona kaya kusa da gidaje da masu abinci. A wanke hannu kafin a ci, a cire kayan aiki kafin a ɗauki yaro. Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan gwangwan za su iya zama su tsayar da wannan ba tare da jiran gwamnati ba. Dila guda ya ce daga yau ba ya sayen ƙonannen ƙarfe, mu ga ko hayaƙin bayan kasuwa ba zai ragu ba.