Suna Linzami: Wa Ke da Hurumin Rarraba Ƙagaggun Labaran Hausa?

Duk wanda ya zauna ajin adabi ya san yadda muke kasa ƙagaggun labarai gida-gida: wannan na jarunta ne, wancan na soyayya, wani kuma na gyaran hali. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne ma'aunin da muke yin wannan rabo da shi, da kuma haƙƙin da ke rataye a wuyanmu idan muka laƙaba wa littafi suna. Hausawa sun ce suna linzami ne, inda aka ja shi nan mai shi ke nufa.

Bari mu waiwayi tarihi. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zango ne kuma Jiki Magayi na John Tafida da East ya fito. Ko da yake tushensu ɗaya, masana ba su yi musu kuɗin goro ba. Kowanne an dubi jigonsa da salonsa da zubinsa, an ba shi matsayinsa. Jiki Magayi ya ginu ne a kan soyayyar da dukiya ta raba, sannan ramuwar gayya ta biyo baya, amma ba wanda ya rage masa daraja saboda haka. Haka ma So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980: labarin so ne tun daga sunansa, kuma ya sami karɓuwa wajen manazarta.

Al'amari ya sauya ne a shekarun 1980, lokacin da matsin tattalin arziki ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Sai aka raɗa wa wannan yayi suna Adabin Kasuwar Kano, laƙabin da Ibrahim Malumfashi ya yayata bisa kwatanci da adabin kasuwar Onica, aka kuma yi ta tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Abin lura a nan shi ne, ma'auni ya tashi daga cikin littafi ya koma wajensa, wato inda aka buga shi da inda ake sayar da shi.

Raunin wannan ma'auni yana fitowa fili idan muka bar Kano muka gangara Legas. Hausawan Agege, waɗanda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka kafa zangonsu tun farkon ƙarni na 20, suna da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Kano. Mu ƙaddara wata matar aure a can ta sami Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Kalmar "kasuwa" ba ta gaya mata komai game da abin da ke hannunta ba. Kalmar "soyayya" kuwa yaudararta za ta yi, domin labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro wata, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Wannan ai sukar zamantakewa ce tsagwaronta, kuma mai karatun da ke baƙunta ta fi kowa sanin ɗacin zama ba dangi a kusa.

Ba muna cewa a daina rarrabewa ba ne. Ɗalibi ba zai iya nazari ba sai da rukuni, mai saye ma yana buƙatar sanin abin da zai ba da kuɗinsa a kai. Haka nan gaskiya ne cewa da yawa daga littattafan wancan yayi an yi su cikin gaggawa, ba tacewa, ba bin ƙa'idar rubutu. Amma tambayar "wane iri ne?" dabam take da tambayar "ya yi kyau?". Ta farko siffantawa ce, ta biyu hukunci. Idan muka cusa hukunci cikin sunan rukuni, mun yanke wa littafi shari'a tun kafin mu buɗe shi. Sakamakon haka ba wasa ba ne: a 2007 an ƙone littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a Kano, alhali shi Alhaki ɗin, da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012.

Saboda haka, rarraba adabi amana ce irin ta mai awo. Wajibi ne ma'aunin da muka auna Imam da shi ya zama shi ne za mu auna Balaraba da Ado Ahmad Gidan Dabino da shi: jigo, da zubi da tsari, da salo, da sarrafa harshe. Wanda ya gaza, mu faɗi inda ya gaza da hujja daga shafinsa. Allah ya sa mu zamo masu cika mudu.